Filin da Ke Ƙarƙashin Tafki

Mwanaidi Rashidi tana da shagon hoto a bayan kasuwar Kigoma. Ranakun aiki tana ɗaukar hoton fasfo, Asabar kuma ta bi bukukuwan aure. Da wannan take ci, amma abin da ke ranta daban ne. Unguwarsu ta bakin tafki ce, wadda ruwa ya yi ta ci a hankali har ya haɗiye ta. Ba irin ambaliyar da ke zuwa rana ɗaya a yi kuka a gama ba ce. Tafkin ne ya riƙa matsowa, bana ya ci wurin shanyar kifi, baɗi ya shiga masallaci, har safiyar da mahaifiyarta ta sauko daga gado ta tsoma ƙafa cikin ruwa. Suka kwashe ta, suka kama mata ɗaki guda a kan tudu, ita da tarkacen da ta tara tun zamanin marigayi mijinta.

Da wata ƙungiyar masu ɗaukar hoto a Dar es Salaam ta yi shelar baje kolin hotuna a kan tafkuna, Mwanaidi ta aika da samfurin aikinta, aka kuwa zaɓe ta. Dabararta ita ce ta bi maƙwabtansu na da, ta karɓo tsofaffin hotunansu na suna da na walima da na yara a ƙofar gida. Sai ta yi hayar kwale-kwale ta nemo daidai wurin da aka ɗauki kowanne, ta sake ɗauka daga kan ruwa. A kwamfuta take haɗa biyun.

Haɗin ne ya ba ta wahala. Da farko ta shimfiɗa tsohon a kan sabon ta rage masa ƙarfi, sai mutanen suka fito kamar aljanu suna yawo a kan ruwa. Ta cire launi daga tafkin ta bar shi a jikin zannuwan mata, abin ya koma kamar tallan yadi. Ta juya, ta bar ruwan da launinsa ta mai da mutanen fari da baƙi, shi ma bai kwanta mata ba. Watanni ta yi tana gogewa tana sakewa, kwamfutar tana zafi, wuta tana ɗaukewa a tsakiyar aiki. Daga ƙarshe ta gano abin da take nema. Ta riƙa yanko mutanen tsaf, gashi da gefen mayafi duka, ta tsayar da su inda suke a da, ta bar ruwan ya yanke su a ƙirji, sannan ta kifa surarsu ta murza ta kaɗan ta zama inuwa a kan ruwan. Amarya tana murmushi, tafki yana ƙirjinta.

Wata rana hannunta ya saba har ta ga za ta iya yin akasin haka. Ta ɗauki hoton gidansu, wanda rufinsa da rabin bangonsa kaɗai ke waje, ta fara janye masa ruwan. Ta aro yashi daga wata gaɓar, ta aro ganye daga wani mangwaro mai rai ta lulluɓe nasu da ya bushe. Ƙofar ta shafa mata shuɗin da take tunawa. Da ta gama, ga gida nan tsaye a busasshiyar ƙasa, tafkin ya koma can nesa inda yake lokacin da take yarinya. Wannan ba na baje koli ba ne. Na Mama ne. Ta buga shi babba ta kai mata, tsohuwar ta daɗe tana kallo, sannan ta sa aka kafa ƙusa a saitin gadonta. Mwanaidi ta kuma tura shi zauren dangi a waya, da sunanta da na shagonta a ƙasan kusurwa kamar yadda take yi wa duk aikinta.

Ana saura 'yan makonni a buɗe baje kolin, tana tsaka da yanka hotunan fasfo da hantsi, sai ga kiran Massawe, mutumin da ke shirya taron. Dada yake kiranta, wato yaya ko 'yar'uwa da Swahili.

"Dada Mwanaidi, kin ga abin da ke yawo?"

"Me ke yawo?"

"Na turo miki. Ki duba, ina kan layi."

Ta duba. Talla ce ta sayar da gida da fili, wai a bakin tafki, iska mai daɗi, ga mangwaro mai 'ya'ya. Hoton kuwa nata ne, da sunanta a kusurwa. Lambar wayar da ke ƙasa ta ƙaninta ce, Shomari. Wani ya ɗora tallar gefe da gefe da hoton da ya ɗauka da waya, rufin kwano a tsakiyar ruwa, ya rubuta cewa a yi hattara da wannan mai hoton ta Kigoma, ita da ɗan'uwanta sun so su sayar wa mahaifiyarsa tafki. Mutane sun yi ta tofa albarkacin bakinsu a ƙasa. Wasu daga cikinsu masu ɗaukar hoto ne da ta sani.

"Ba ni na sa tallar nan ba," in ji ta.

"Amma hoton naki ne."

"Na mahaifiyata ne. Don ta rataya a ɗaki na yi shi."

"Na yarda da ke. Sai dai masu ɗaukar nauyinmu sun gani. Aikin da za ki nuna duk haɗi ne, kuma an amince da shi ne don mun ce kowa zai san haɗi ne. Yanzu in aka ga sunanki, tallar za a tuna."

"Wato kun cire ni."

"Mun jinkirta ki."

"Massawe, ka faɗi kalmar. Ba yarinya ba ce ni."

Ya yi ta kame-kame a kan wata shekarar. Ta kashe wayar tun bai gama ba. Ta koma kan almakashi, sai ta yanke kunnen wani mutum a hoton fasfo. Ta jefar da almakashin, ta ja ƙofar shagon, ta tare ɗan babur.

Ta san inda za ta same shi. Shomari dillali ne na duk abin da ya samu, waya ko akuya ko ɗakin haya, kuma ofishinsa benci ne a gindin bishiya kusa da mai shayi. Ta tarar da shi suna dara da abokansa, yana riƙe da rabin mandazi, irin fankensu na can. Da ya hango ta sai ya washe baki.

"Dada, yau kuma ke ce a unguwarmu? A kawo mata shayi."

Ta sa ƙafa ta ture allon darar, 'ya'yan suka watse cikin ƙasa. Abokan suka ja baya.

"Wa ya ba ka hotona?"

"Wane hoto? Ah, wancan. Ba ke kika turo zaure ba? Abin da aka turo wa dangi ai na dangi ne."

"Ka sa sunana a kan damfara, Shomari."

"Wace damfara? Filin namu ne ko ba namu ba ne? Na ce yana bakin tafki. Ƙarya na yi?"

Ɗaya daga cikin abokan ya fashe da dariya, ta juyo ta dube shi, ya haɗiye sauran.

"Bakin tafki ko cikin tafki? Kifi ne ke kwana a ɗakin Baba."

"Ruwa ne, zai koma. Yadda ya zo haka zai tafi. Wanda ya saya yanzu shi ne mai wayo."

"To me ya hana ka nuna musu ruwan, tunda masu wayo kake nema?"

Ya ajiye mandazin ya karkaɗe hannu. Murmushin ya bar fuskarsa.

"Dada, kar ki zo nan ki yi min wa'azi a gaban mutane. Ke wace amarya ce ta taɓa fita daga shagonki da fuskar da ta shigo da ita? Baƙa ki mai da ta fara, mai ƙiba ki matse mata ƙugu, ango mai sanƙo ki dasa masa gashi. Naki sana'a ce, nawa kuma damfara?"

"Amarya ta san fuskarta. Ba wanda ya taso daga wani gari don ya zauna a cikin hoton biki."

"Matar da ta zo saye ba ta biya ko sisi ba. Ta zo, ta gani, ba ta so, shi ke nan. Wa aka cuta?"

"An cire ni daga Dar."

Ya sosa ƙeya.

"To ai wani zai zo. Ba hotuna ba ne? Suna nan a kwamfuta, ba ruɓewa za su yi ba."

Abin da ya hana ta marinsa shi ne mai shayin dattijo ne da ya san mahaifinsu. Ta kama wuyan rigarsa ta ce ya kai ta wurin matar. Ya so ya fizge, ta ce in ya fizge za ta bi shi tana faɗa wa duk wanda ya taɓa ba shi akuya ya sayar abin da ta sani. Ya bi ta.

Matar sunanta Bi Kokubanza, ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya a Tabora. Jirgin ƙasa ta biyo, har da ɗanta ta taho, da magini don ya duba mata bangon, tana sauke a wani masauki kusa da tasha tana jiran jirgin komawa. Suka same ta a baranda, ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura a kan kujera. Mwanaidi ta ce shikamoo, matar ta amsa gaisuwar a taƙaice tana kallon Shomari.

"Ka kawo min wani tafkin ne?"

"Mama, ni ce mai hoton," in ji Mwanaidi. "Na zo ne ki sa ɗanki ya goge abin da ya rubuta a kaina. Ba ni da hannu a tallar nan."

"Ba ki da hannu. To hannun wa ya yi hoton?"

"Nawa. Amma ba don ke na yi shi ba."

"Ko don wa kika yi, ni ya samu. Yarinya, shekaruna nawa ina kwana a gidan gwamnati, ina cewa in na gama zan zauna inda zan ga ruwa da safe. Na nuna wa jikokina mangwaron nan a waya. Na yi musu alkawarin lilo a jikinsa. Maginin da na taho da shi bai daina yi min dariya ba har yanzu. Sai ga ki kin shigo nan kina ɗaga min murya wai a goge."

"An kore ni daga aikin da na yi watanni ina yi saboda rubutun nan."

"Ni na kore ki?"

Mwanaidi ta ji kamar ta yi ihu. Matar tana da gaskiya, ita ma tana da gaskiya, wanda ya haɗa su kuma yana jingine da ginshiƙi yana latsa waya. Ta fizge wayar daga hannunsa ta jefa a jakarta.

"Mama, ɗanki ya ga wurin daga gaɓa. Ki zo in kai ki har ƙofar. In kin gani da idonki, ki yanke duk hukuncin da kika ga dama."

Bi Kokubanza ta ce ƙafafunta ba za su iya ba. Can kuma ta ce a miƙo mata takalminta.

Mai kwale-kwalen da Mwanaidi ta saba haya shi ya tuƙa su. Suka bi ta kan titin unguwar na da, suka wuce gefen masallaci, suka wuce turakun wutar lantarki da tsuntsaye suka mayar nasu. A hanya Mwanaidi ta buɗe wayarta ta riƙa nuna wa matar aikin na gaske, ba tare da wani lallashi ba. Ga gidan mai ɗinki, ga shi nan a hoto da kekensa ruwa a ƙirji. Ga inda aka yi walimar nan. Bi Kokubanza tana duban wayar tana duban ruwan, ba ta yaba ba, ba ta kushe ba.

Da suka isa, kwanon rufin ya yi tsatsa, mangwaron ya zama ƙashi. Mwanaidi ta ce wa mai jirgin ya tsaya.

"Shomari, sauka ka nuna wa mai saye iyakar filin."

"Dada, wasa kike yi."

"Ka ga alamar wasa? Kowane dillali yana taka iyaka. Daga ina zuwa ina?"

"Akwai kwalabe a ƙasa. Akwai kwano."

"Amma jikokinta za su yi lilo a nan."

"Sauka, ɗan nan," in ji Bi Kokubanza. "Ni ma ina so in ga iyakar. Jirgin ƙasa na hawo dominta."

Ya dubi mai jirgin, mutumin ya kau da kai. Shomari ya tuɓe takalmi yana ƙunƙuni, ya zura ƙafa, ya sulale. Ruwan ya kai masa hammata. Ya tsaya a inda tsakar gidansu take, ya ɗaga hannuwa sama don kar agogonsa ya jiƙe. Mwanaidi ta ɗaga kyamara ta ɗauke shi, ta sake ɗauka.

"Kar ki ɗauke ni."

"Abin da dangi suka ɗauka ai na dangi ne."

Ta zaci za ta ji sanyi a ranta. Ba ta ji ba. Ta cikin gilashin kyamarar ta ga leɓensa na rawa, ta ga yana tsaye daidai inda Mama ke girki, sai haushin ya ƙaru, ta rasa ma na wa ne. Ta ce ya hawo haka nan.

A hanyar komawa Bi Kokubanza ta ce, "Zan sa ɗana ya ƙara bayani cewa ba ke kika yi tallar ba. Amma ba zai goge ba. Hoton ƙarya ne, kuma ke kika yi shi da kyau har na yarda. Wannan ya tsaya."

"Ƙarin bayani ba wanda ke karantawa."

"To wannan kuma ba nawa ba ne."

Labari ya riga Mwanaidi isa kan tudu. Ta samu Mama tana tuƙa ugali, tuwon masara, a bakin ƙofa, ƙananan kifin dagaa na soyuwa a gefe. Tsohuwar ba ta ɗago ba.

"An ce kin tsoma ƙaninki a tafki a gaban baƙuwa."

"Mama, kin san abin da ya yi kuwa? Gidanki ya sa a kasuwa. Da hoton da na yi miki."

"Na sani. Ni na ce ya sa."

Mwanaidi ta tsaya da jaka a kafaɗa.

"Ke kika ce?"

"Ni na ce. Ki dubi ɗakin nan. In na juya gado ne, in na sake juyawa buhu ne. Banɗaki sai na bi layi da 'yan haya sa'annin jikokina. Shomari ya ce in aka samu mai saye zai nema min ɗaki biyu da ɗan tsakar gida. Na ce ya nema."

"Da hoton ƙarya?"

"Ke kika kawo min shi. Kullum in na buɗe ido shi nake gani. Na ce a raina, tunda yarinyar nan mai ilimi ta mai da ruwan baya, ƙila ta ji wani abu ne, ƙila masana sun ce zai koma."

"Kwamfuta ce, Mama. Yashin ma ba namu ba ne, na wata gaɓar ne. Ganyen na bishiyar wasu ne."

"To me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"Na zaci kin sani."

"Kin zaci." Mama ta buga muciya a bakin tukunya. "Ku duka biyun haka kuke, kowa yana yin abinsa yana zaton na sani. Ki goge hoton ƙaninki. Ba za a ga ɗana tsirara a ruwa a wayoyin mutane ba."

"Da rigarsa."

"Ki goge."

"Ni sunana yana wayoyin mutane tun safe. Ba ki tambaye ni ba."

"Ke kina da shago. Shi me yake da shi?"

Duk maganar da ta zo wa Mwanaidi, ba wadda za a iya faɗa wa uwa. Ta ciro wayar Shomari ta ajiye a kan buhu, ta juya. Mama ta ce ta tsaya ta ci abinci, ba ta waiwayo ba. Ta sauko tudun da ƙafa, ɗan babur yana bin ta da hon, ta daka masa tsawar da ba shi ya jawo ta ba.

Ɗan Bi Kokubanza ya ƙara bayanin kamar yadda aka ce. Mutum kaɗan ne suka gani. Ta tura wa Massawe, ya amsa da cewa ya ji daɗi ƙwarai, amma an riga an ba wani bangon da aka ware mata. Ba ta goge hoton Shomari ba, ba ta kuma nuna wa kowa ba. Shomari ya daina bi ta layin shagonta. In sun haɗu wurin Mama ranar Juma'a, ya ce Dada, ta ce Shomari, magana ta ƙare.

Abin da ba ta zata ba shi ne tallar ta jawo mata masu zuwa. Maƙwabtansu na da suka fara sallama a shago ɗaya bayan ɗaya, kowa da roƙo iri guda, a janye masa ruwa daga gidansa kamar yadda ta yi wa na Mama. Ta kori na farko da na biyu da faɗa. Na ukun shi ne mai ɗinkin, tsoho ne da idonsa ya fara mutuwa, ya ce shi ba sayarwa zai yi ba, yana so ne ya ga barandarsa kafin ganin ya ƙare.

"Haka kowa ke cewa, Mzee," in ji ta, wato dattijo.

"To ki rubuta a kai cewa ƙarya ne. Ni ba ruwana, ba na iya karanta ƙananan rubutu."

Ta ce masa ba ta yi, ta ce ya tafi. Ya zauna a bencin masu jiran fasfo ya jingine sandarsa, ya ce ba ya sauri. Ta yi ta aikinta tana buga abubuwa a kan tebur, yana zaune. Da azahar ta yi ya fita ya yi salla ya dawo wurinsa. Wajen la'asar ta ja tsaki, ta jawo kujera gaban kwamfuta, ta buɗe hoton gidansa.

"Wane launi ne ƙofar?" ta tambaye shi ba tare da ta juyo ba.

"Kore."

"Kore mai duhu ko mai haske? Kar ka sa in yi aiki biyu."